WA YA KIRA GAYYAR TSIRO TV?

Shafi na 19

Masu turo saƙon "Anti, ko kin mance da mu ne?" na gani, ban mance ba. Karyar masara ce ta ɗauke ni, kuma wadda ba ta leƙo gona ta taya ni ba, ba ta da bakin ƙorafi. Masu zagin Kamalu kuma ku rage sauran yawu, yau ma za ku buƙace shi.

Wanda yau ya shigo cikinmu, ga inda ake. Tsiro TV tashar talbijin ce ta matasa a Funtua. Manajanta Kamalu ya ƙuduri sayar da ita ga Alhaji Lawal dillalin taki. Bushra, mai gabatar da shirin Bakin Gona, ta ce ba a isa ba. Yau ake zaman raba gardama.

* * *

Hantsi bai gama dubawa ba harabar tashar ta cika.

An shimfiɗa tabarmi a inuwar tsohon ɗakin awon audugar da aka mayar ɗakin watsa shiri. Ma'aikata sun zauna gefe guda, tun daga masu riƙe kyamara har masu shirin Ƙwallon Unguwa da 'yanmatan Dandalinmu. Ba mai dariya, ba mai danna waya.

Sarkin Noma Ummaru na kan kujera a tsakiya, sandarsa a kan cinya. Shi aka kira saboda wansa marigayi ne ya ba matasa ɗakin, kuma duk rigimar gona a wannan yanki a gabansa take mutuwa.

Alhaji Lawal ya iso a makare, kamar yadda masu abin hannu suka saba. Ya gaida Sarkin Noma, ya zauna, ya fiddo goro.

Kowa a wurin ya san abin da ya kawo shi. A daminar da ta wuce Bakin Gona ya nuna samarin garin Dayi sun zuba taki a bokitin ruwa, takin ya narke, yashi ya kwanta a ƙasa. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk Funtua ta san launin buhun. Tun ranar Alhaji yake faɗa a majalisa cewa ran da tashar ta shiga hannunsa, shirin nan ne zai fara sauka.

Abu ɗaya ya tsayar da cinikin. Da sunan ƙungiyar samari aka yi wa tashar rajista, ma'aikata kuma suka ce da guminsu aka gina ta. Alhaji ya ce shi ba ya sayen gona mai rigima, a fara tantance mai ita a gaban manya.

Bushra na zaune a gaba, mayafinta a kafaɗa, fuskarta fes kamar wadda ta zo suna.

Mero, wadda ke haɗa mata hotunan shiri, ta matso ta raɗa mata.

"Ke ko gabanki ba ya faɗuwa?"

"Na me?"

"Bushra, yau fa za a iya raba mu da tashar nan."

"Bari manaja ya yi magana tukun. Ni dai roƙona Allah ya buɗe mashi baki sosai."

Sarkin Noma ya buga sanda a ƙasa.

"Kamalu, kai ka kawo ƙara. Muna jin ka."

Kamalu ya miƙe, ya gyara wuyan shaddarsa. A ba shi haƙƙinsa, mutumin ya iya magana. In ya fara, ko kai ne ka ga abu da idonka sai ka soma shakkar idon.

"Ranka ya daɗe, tarihin tashar nan ba ɓoyayye ba ne. Da waya ɗaya aka fara, ana ɗaukar manoma suna kukan tsutsa ta cinye masu masara, ana nunawa a gidan kallon ƙwallo lokacin hutun rabin lokaci. Mutane suka fi son wannan a kan ƙwallon. Daga nan aka ba mu ɗakin nan, rufinshi a yage, jemagu sun mai da shi gida."

"An yi haka," in ji Sarkin Noma.

"Wa ya hau babur da makaɗi a bayanshi, ya zaga Maska da Dayi da unguwannin Funtua yana shela? Duk wanda ke nan ya faɗi tsakaninshi da Allah, muryar wa ya ji?"

Can wani daga baya ya ce a sanyaye, "Taka ce."

"Madalla. Samari suka fito, aka kwaɓa ƙasa, aka yi rufi, aka ɗaga eriya da igiya. Ban raina aikin kowa ba. Amma wannan aiki sunanshi gayya."

Ya juyo ya dubi Bushra.

"Kuma duk ɗan manomi ya sani, wanda ya je gayya ba ya da dami a gona. Ya ci tuwo, ya sha kunu, an gode mashi, shi ke nan. Gona ta wanda ya kira gayya ce, amfanin ma nashi ne. Ya ga dama ya ci, ya ga dama ya sayar."

Guna-guni ya tashi. Mero ta dafe kai.

Bushra ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Yaya Kamalu, na baya ba su ji ba. Don Allah maimaita."

"Me zan maimaita?"

"Wancan na ƙarshen. Mai daɗin."

Kamalu ya yi murmushin wanda ya ga nasara ta taho. Ya ɗaga murya har masu keke napep a bakin titi suka waigo.

"Na ce gayya aka yi. Tashar nan ta wanda ya kira gayya ce, shi kaɗai, ba shi da abokin tarayya."

"Ko da wani ya fi shi wahala a kanta?"

"Ko da ya mutu a kan aikin."

"Ko da wani ne ya riƙe ta shekara da shekaru?"

"Bushra, kada ki ɓata wa manya lokaci. Na ce ko da me."

Ta juya wajen Sarkin Noma, ta ɗan russuna.

"Baba, haka al'adar take?"

"Haka take, ɗiyata. Da masu zuwa gayya na da rabo, da ba wanda zai ƙara kiran gayya a ƙasar nan."

"To na yarda. Ni Bushra ba ni da ko ƙusa ɗaya a tashar nan."

Wurin ya kaure. Wani mai kyamara ya miƙe yana cewa an sayar da su, Mero ta finciki mayafinta.

"Kin kashe mu. Wallahi kin kashe mu."

"Sakar mani mayafi, ban gama ba."

Sarkin Noma ya sake buga sanda, aka lafa.

"Baba, tambaya ɗaya ta rage mani. Mu yaran yanzu ba mu san komai ba sai danna waya. In an yi gayya, shekaru suka ja, aka zo ana gardama, ta yaya ake gane wanda ya kira ta?"

Tsohon ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan gefen bakinsa ya motsa.

"Tukunya ake tambaya."

"Ba mai shela ba?"

"Mai shela ɗan aike ne. Ko makaɗi ma yana shela, ba a taɓa ba makaɗi gona ba. Gidan da aka ɗora tukunya, aka fito da abincin masu aiki, nan ne gidan mai gayya."

Jama'a, da kun ga fuskar Kamalu. Murmushin yana nan, amma mai shi ya riga ya fita daga ciki.

"Ranka ya daɗe, ai abinci ba wani abu ba ne, kowa ya kawo abin da..."

"Ban tambaye ka ba tukun," in ji Sarkin Noma.

Bushra ta miƙe, ta shiga ɗakin watsa shiri. Da ta fito, tana riƙe da hannun wata tsohuwa doguwa, siririya, mai zane da lulluɓi na atamfa da ta sha wanki. Tsofaffin ma'aikata suka fara sunkuyar da kai tun kafin ta ƙaraso.

Inna Hajjo ce daga Maska, mahaifiyar Rabe.

Sababbin ma'aikata ba su ma san sunan ba. Rabe mai gyaran talbijin ne, shi ke da wayar nan da aka fara ɗaukar manoma da ita. Yana da i'ina, shi ya sa bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Shekarun baya, da kamfanin caca ya kawo talla, Rabe ya ce ba za a koya wa yaran manoma caca a tashar da aka yi dominsu ba. Kamalu ya ce tasha ba ta rayuwa da wa'azi. Aka goyi bayan Kamalu. Rabe ya hau babur ɗinsa ya koma Maska ya kama noma, bai sake tako harabar ba.

Aka ba Inna Hajjo tabarma. Ta gaida Sarkin Noma, ta ƙi kallon Kamalu.

"Hajjo," in ji Sarkin Noma, "ran da aka ɗaga ƙarfen can, ina aka yi girki?"

"A tsakar gidana, ranka ya daɗe."

"Da hatsin wa?"

"Dawar rumbuna. Ni da maƙwabtana muka surfa, muka kai niƙa. Ragon da nike kiwo don auren Rabe shi aka yanka, don ya ce mani, Inna, ba zan tara 'ya'yan mutane su ci tuwo gaya ba. A amalanke aka kawo abincin nan."

"Wa ya ce ki dafa?"

"Wa zai ce in dafa in ba ɗana ba? Shi ya zo ya durƙusa ya ce zai kira gayya. Na ce kai da bakinka ke sarƙewa, wa zai yi maka shela? Ya ce yana da aboki mai baki."

Sai a nan ta juyo ta dubi Kamalu, daga hula har takalmi.

"Ga mai bakin nan. A zaurena aka ɗora mashi makaɗi a babur. Babur ɗin ma na Rabe ne. Da ya dawo ya ce shela ta sa shi yunwa, malmala biyu na zuba mashi, ya ce a ƙara miya."

Dariya ta fashe a harabar, har Sarkin Noma sai da ya kare baki da hannun riga.

Kamalu ya gyara tsayuwa.

"Inna, ban musa ba, an yi girki a gidanki. Amma wa ya kai tashar nan inda take? Ni na yi ta zarya har muka hau tauraron ɗan'adam. Ni na kawo shirin kacici-kacicin makarantu, ni na kawo Waƙar Mako. Yau ana kallonmu har Nijar. Rabe na ina lokacin? Yana gona."

"Ka yi ƙoƙari," in ji Sarkin Noma. "Ba wanda zai ce ba ka yi ba."

"To ranka ya daɗe..."

"Ka yi noma mai kyau a gonar wani. Allah ya saka maka. Amma yarinyar nan ta tambaye ka, ko da wani ne ya riƙe ta shekara da shekaru. Me ka ce?"

Kamalu ya kau da kai.

Mero ce ta amsa masa daga inda take, da muryarsa sak. "Na ce ko da me."

Baki dai shi ke yanka wuya. Da Kamalu ya yarda tun farko cewa tashar ta kowa ce, da yana da kaso kamar kowa, watakila ma mafi tsoka. Kwaɗayin ya cinye duka ne ya sa ya jawo al'adar gayya, ita kuma ta zo ta yi awon gaba da shi.

Sarkin Noma ya gyara zama.

"Ku shaida. Gayyar Tsiro ta Rabe ɗan Hajjo ce. Kamalu ba shi da abin sayarwa a nan."

Harabar ta rikice da murna. 'Yanmatan Dandalinmu suka rangaɗa guɗa, masu ƙwallo suka ɗaga wanda ɗazu ya ce an sayar da su. Mero ta rungume Bushra tana kuka tana dukan bayanta.

"Muguwa, da kin faɗa mani."

"Da na faɗa maki, da kafin azahar Malumfashi ta ji."

Bushra ta ji daɗi, ba ƙarya. Ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun ran da ta fara riƙe makirufo. Ta gyara mayafi, ta tako har gaban Alhaji Lawal, ta russuna da ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Alhaji, a yi haƙuri, an wahalar da kai. Bakin Gona na nan ranar Laraba bayan la'asar. Wannan makon kan irin shuka za mu yi."

Sai dai Alhaji bai yi kama da wanda aka kayar ba.

Ya ɓantari goro, ya tauna a hankali, ya kakkaɓe ɓawon daga babbar rigarsa.

"Yarinya, kin burge ni. Wallahi da ɗiyata ce ke da na yi alfahari."

"Na gode, Alhaji."

"Amma kin ɗauka a kanti aka haife ni? Ubana manomi ne. Ina da wayo ina ɗaukar kunu zuwa gayya. Ni ban taɓa taya gona ban tambayi tukunya ba."

Murnar ta fara raguwa daga gaba zuwa baya.

Kamalu ya ɗago kai. "Alhaji, me kake nufi?"

"Kai yi mani shiru. Na san ba taka ba ce tun ran da ka fara zuwa wurina. Na bar ka ne ka tara mani mutane, a tabbatar da mai ita a gaban Sarkin Noma, don kada gobe wani ya ce an yi mashi ƙwace. Ga shi yarinyar nan ta yi mani aikin, ban ko roƙe ta ba."

Ya juya wajen motarsa da ke fake a gindin dalbejiya, ya ɗaga murya.

"Malam Rabe, bismillah."

Ƙofar baya ta buɗe, Rabe ya fito.

Ya rame, rana ta ƙona shi, tafin hannunsa duk kanta. Amma tafiyar tana nan, ta mutumin da ba ya sauri don kowa. Inna Hajjo ta dafa ƙasa ta miƙe tsaye.

"Rabe? Ba ce mani ka yi za ka kasuwar Dandume ba?"

"Ki... ki gafarce ni, Inna."

Ya durƙusa ya gaida Sarkin Noma. Ya gaida mahaifiyarsa. Bai kalli eriyar ba, bai kalli ɗakin ba.

Bushra ta dake. Ta matso da fara'arta.

"Yaya Rabe, sannu da zuwa. Ka ji hukuncin ai. Tasharka ta dawo hannunka. Mun ƙwato maka."

"Kun ƙwato mani."

"Bakin Gona ma naka ne, kai ka fara shi. Alhaji so yake ya kashe shi, ka sani. Samarin Dayi da Maska ba su da inda za su kai kuka in ba nan ba."

Rabe ya gyaɗa kai. In zai yi magana mai nauyi a hankali yake yi, yana ajiye kalma ɗaya-ɗaya don kada harshen ya sarƙe.

"Duk shekara, ran bikin kafa tashar nan, ina zuwa gidan kallo a Maska. Ina zama a baya. Ana karanta tarihi."

Bushra ta sunkuyar da kai.

"Kamalu ya kira, matasa suka amsa. Haka ake cewa. Yaran garinmu su waigo su kalle ni, su ga ko zan yi magana."

"Yaya Rabe..."

"Ba Kamalu ke karantawa ba, Bushra. Ke ce."

"Rubuto mani ake yi."

"Kina nan ran gayyar?"

"Ina nan."

"Kin ci tuwon?"

Muryarta ta yi ƙasa. "Na ci."

"Ran tallar caca, da na tsaya ni kaɗai, kina ɗakin?"

"Ina ciki."

"Me kika ce?"

Ba ta ce komai ba a ranar. Bushra da ke tsare shugabannin ƙungiyoyin manoma da tambaya har su nemi ruwa, ga ta tsaye idonta ya ciko, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Ban taɓa jin haushin Kamalu kamar naki ba," in ji Rabe. "Shi na san halinshi. Ke ce nike cewa mai gaskiya. Shekara da shekaru ba ki san hanyar Maska ba, sai da shirinki zai mutu kika tuna akwai tukunya."

"Gaskiya ka faɗa," in ji Bushra. Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗago ta dube shi. "Ka hukunta ni. Ka cire ni daga shirin yau, ka sa Mero ko duk wanda ka ga dama. Amma kada ka ba shi. Yashin nan da aka gani a bokiti, a gonar manoma irinka aka zuba shi."

Alhaji Lawal ya yi 'yar dariya. "Malam Rabe, rana na yi. Mun gama magana tun a mota."

Sarkin Noma ya ɗaga sandarsa, kowa ya yi tsit.

"Rabe, gona taka ce, ba mai tilasta ka. Riƙewa za ka yi ko sayarwa?"

Rabe ya taka zuwa gaban Kamalu, ya buɗe hannu.

"Makullan."

Kamalu ya laluba aljihu, ya fiddo su ya ajiye masa.

"Rabe," in ji Inna Hajjo. "Dube ni nan."

Bai waiga ba.

Alhaji Lawal ya miƙe, ya miƙo tafin hannunsa a buɗe. Rabe ya juya da makullan, ya nufe shi.